Diflomasiyyar jama'a: ma'anarta, da yadda matasan Girka da Turkiyya suke aiki da ita

In aka ce diflomasiyya, hankali yakan tafi kan jakadu da ministoci da dogon teburin sa hannu. Diflomasiyyar jama'a kuwa ita ce hulɗar da mutanen gari suke ƙullawa da takwarorinsu na ƙasar da ake zaman doya da manja da ita: ɗalibai, malamai, 'yan jarida, 'yan kasuwa, masu wasan kwaikwayo. Ba su da ikon yanke iyaka ko ƙulla yarjejeniya. Aikinsu su zauna tare, su ci abinci tare, kowa ya ji ta bakin ɗan'uwansa, har surar abokin gaba da aka dasa musu tun suna yara ta fara dusashewa.

Girka da Turkiyya sun dace da wannan bayani, domin gabarsu ta gado ce. Girkawa sun fara yaƙin ƙwatar kansu daga Daular Usmaniyya a 1821. Bayan yaƙin 1919 zuwa 1922, yarjejeniyar Lozan ta 1923 ta tilasta musayar jama'a bisa addini: Kiristoci sama da miliyan ɗaya suka bar yankin Turkiyya, Musulmi kusan 400,000 suka bar Girka. Sai rikicin tsibirin Kubrus na 1974, sai kuma 1996 da saura ƙiris su gwabza a kan wasu tsibirai biyu na dutse da ba kowa a cikinsu, waɗanda Girkawa ke kira Imiya, Turkawa kuma Kardak. Duk wannan fa alhali tun 1952 suna cikin ƙawancen tsaro na NATO tare.

Abin da ya fara sassauta zukata ibtila'i ne. A ranar 17 ga Agusta 1999 girgizar ƙasa ta afka wa yankin Izmit na Turkiyya, ta hallaka mutum fiye da 17,000, kuma masu aikin ceto na Girka suna cikin waɗanda suka fara isa. Mutanen gari a Girka suka yi ta ba da jini da kayan agaji. Bayan mako uku, ranar 7 ga Satumba, ƙasa ta girgiza a Atens, babban birnin Girka, mutum 143 suka rasu, Turkawa su ma suka zo da nasu masu ceton. Ministocin harkokin waje na lokacin, George Papandreou na Girka da Ismail Cem na Turkiyya, sun samu ƙarfin gwiwar matsowa kusa da juna ne saboda jama'arsu sun riga su tsallake ramin.

Daga nan matasa suka karɓa. Reshen Ankara na ƙungiyar ɗaliban Turai ta AEGEE ya gudanar da shirin tattaunawa tsakanin matasan ƙasashen biyu da tallafin Tarayyar Turai, kuma a 2003 suka yi bikin KayaFest a ƙauyen Kayakoy da ke kusa da garin Fethiye a Turkiyya. Zaɓen wurin ya fi komai burge ni. Kayakoy, wanda Girkawa ke kira Levissi, garin Girkawa ne da ya zama kufai bayan musayar 1923. Ɗaruruwan gidajen dutse ne a jikin tsauni, rufi ya zube, tagogi a wangale, coci-coci ba masu ibada. A gindin wannan kufai jikokin ɓangarorin biyu suka yi kwanaki suna kiɗa da rawa da zane da muhawara. Ba su kauce wa tabon ba, a kansa suka shimfiɗa tabarma.

A irin wannan zama, ƙananan abubuwa ne suke fara buɗe baki. A kawo gahawa mai kauri a ɗan ƙaramin kofi, gari kwance a ƙasansa, wannan ya ce gahawar Girka ce, wancan ya ce ta Turkiyya ce, alhali abu ɗaya ne. Haka kayan zaƙin nan baklawa, haka ganyen inabi da ake naɗe shinkafa a ciki, dolma a can, dolmades a nan. Mai wuyar shi ne darasin tarihi. Shekarar 1922 a littafin makarantar Girka babbar masifa ce, a na Turkiyya kuwa nasarar da ta haifi jamhuriya. Ba a neman ɗayansu ya ƙaryata kakansa. Ana so ne ya iya zama ya saurari yadda kakan wani ya ga wannan rana.

Masanin halayyar ɗan'adam Gordon Allport ya bayyana tun 1954 cewa cuɗanya tana rage ƙyama idan ɓangarorin sun haɗu a matsayin daidai, suna da aiki guda da za su yi tare, kuma hukuma ta mara musu baya. Shi ya sa yawon buɗe ido kaɗai bai isa a kira shi diflomasiyyar jama'a ba.

Masu suka suna cewa yawancin mahalarta 'yan jami'a ne masu jin Turanci, waɗanda dama ba su da zafin ra'ayi, kuma gaskiya suka faɗa. Har yau ba a warware rikicin iyakar teku da na Kubrus ba, a 2020 ma jiragen ruwan yaƙin ƙasashen sun yi cirko-cirko a gabashin Bahar Rum. Amma ni ina ganin aikin bai tafi a banza ba. Da girgizar ƙasa ta sake afka wa Turkiyya, wannan karon a kudancinta, ranar 6 ga Fabrairu 2023, masu ceto na Girka sun sake zuwa cikin gaggawa, a Disamban shekarar shugabannin ƙasashen biyu suka sa hannu kan sanarwar abota a Atens, kuma daga 2024 Baturke yana iya karɓar bizar kwana bakwai a bakin tashar wasu tsibiran Girka, ya tsallaka da jirgin fito ya ga maƙwabcinsa ido da ido.