Waiwaye: Yadda Gamba Ta Janye Daga Gonaki Da Dazuzzuka

A muhawarar da ake yi yanzu kan ƙarancin wuraren kiwo da kwararowar hamada a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, yawanci itatuwa ake lissafawa, musamman tun da Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa ganuwar itatuwa a shekarar 2007. Ba a cika ambaton gamba ba, alhali janyewarta ta daɗe da farawa kafin a soma wannan cece-kuce.

Kowa ya san farin 1973 da na 1984, waɗanda suka hallaka dabbobi suka kuma busar da tushen gamba a wurare da yawa na yankin Sahel. Sai dai fari ba baƙo ba ne a ƙasar nan, kuma gamba ciyawa ce mai shekara da shekaru a gindi ɗaya, wadda saiwoyinta ke nutsawa ƙasa su riƙe yashi, ta kuma yi toho da ruwan farko lokacin da shanu suka fi galabaita.

Abin da ya hana ta farfaɗowa shi ne ɓacewar saura, wato gonar da aka bari ta huta. A da, idan gona ta gaji, manomi kan bar ta ta huta shekaru da dama. A shekarun farko ƙarangiya da kyasuwa ne ke mamaye wurin, ciyayin da ke mutuwa da ɗaukewar damina, sannan a hankali gamba ta kafu, ruɓaɓɓun saiwoyinta su mayar wa ƙasa da ƙarfinta. Da jama'a suka ƙaru, gonaki suka yi ta rarrabuwa ta hanyar gado, hutun ya koma shekara ɗaya ko biyu, daga baya ma ya ƙare, sai ya zama gamba ba ta samun lokacin kafuwa. Mafakar da ta rage mata ita ce iyakar gona, inda magabata ke barin ta a jere don ta raba maƙwabta, ta tare iska, ta kuma rage gudun ruwa. Wannan ma garmar shanu ta riƙa gutsurar ta kunya bayan kunya, domin mai ƙaramar gona ba ya ganin dalilin bar wa ciyawa wurin da zai ɗauki gero, kuma da wuya a ga laifinsa.

Ragowar da ta tsira tana shan matsi biyu. Dabbobi na cinye tohonta tun bai yi ƙwari ba har gindin ya mutu, masu zana da jinka kuma kan yi rige-rigen yanke ta kafin iri ya nuna ya zuba. A wasu ƙauyukan Maraɗi da Damagaram manoma sun ci gaba da raya ta a gonakinsu, saboda damin gamba na da kuɗi a kasuwa.