Mein Kampf (wasan kwaikwayon George Tabori)

Mein Kampf wasan dandamali ne na barkwanci mai ɗaci wanda George Tabori ya rubuta, aka fara nuna shi a gidan wasan Akademietheater na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya cikin watan Mayun 1987. Ya ari sunansa daga littafin da Adolf Hitler ya fitar a 1925. Wasan ya zo a daidai lokacin da ake cece-kuce a Ostiriya kan rawar da shugaban ƙasar, Kurt Waldheim, ya taka a rundunar sojan Jamus zamanin yaƙin duniya na biyu.

Marubucin

An haifi Tabori a Budapest a 1914 cikin gidan Yahudawa. Mahaifinsa ɗan jarida ne, kuma ya halaka a Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi, mabiya Hitler, suke kashe Yahudawa, a 1944, amma mahaifiyarsa ta tsallake rijiya da baya, labarin da Tabori ya mayar wasa a 1979. Ya yi zama a Ingila da Amurka kafin ya dawo Turai, ya karɓi kyautar adabi ta Georg Büchner a 1992, ya rasu a Berlin a 2007.

Labarin

Komai yana faruwa a wani masaukin marasa galihu a Biyana, wajen shekarar 1910. Hitler, saurayi ɗan ƙauye mai yawan surutu da girman kai, ya iso domin neman shiga makarantar zane. A nan ya tarar da Shlomo Herzl, Bayahude mai tallar littattafai, da Lobkowitz, tsohon kuku mai ɗaukar kansa ubangiji. Herzl ya riƙe yaron riƙon uwa: ya gyara masa gashin baki, ya taje masa kai, ya lallashe shi lokacin da makarantar ta ƙi karɓarsa, har ya ba shi shawarar shiga siyasa. Sunan littafin da Herzl yake fama ya rubuta ma, Hitler ne ya ƙwace. Ɗacin wasan yana nan, domin mai kallo ya san abin da wannan alheri zai haifa, Herzl kuwa bai sani ba.

A ƙarshe mutanen Hitler sun yanka Mizzi, kazar da Herzl yake ƙauna, wani mai suna Himmlischst ya soya ta yana bayani kamar mai koyar da girki. Masu nazari suna kallon wannan fage a matsayin ishara ga murhunan ƙona gawa na sansanonin 'yan Nazi. Mutuwa ta bayyana a siffar mace, ta tafi da Hitler domin ya zama ma'aikacinta.

Tarihi ya tabbatar cewa makarantar zane ta ƙi Hitler a 1907 da 1908, kuma ya zauna a masaukin maza a Biyana. Sauran ƙagaggen labari ne.

Taƙaddama

An mayar da wasan fim a 2009. A ranar 20 ga Afrilu 2018, ranar haihuwar Hitler, gidan wasan birnin Konstanz a Jamus ya nuna shi tare da tayin shiga kyauta ga duk wanda ya yarda ya ɗaura tambarin 'yan Nazi a zauren. Ƙungiyoyi sun yi tir da tayin, amma masu gabatar da ƙara ba su buɗe bincike ba.