Na yi dilit, na yi fomat, wai har yanzu ana iya dawo da hotunana?

Ina gyaran kwamfuta a wani ɗan shago ta wajen Ahmadu Bello Way nan Jos, ba nisa da Taminus. Kwanakin baya wani ɗalibi ya kawo min laftof ta hannu da ya saya, wai ya goge aikin furojet ɗinsa bisa kuskure in taimaka in dawo masa da shi. Na ɗora manhajar dawo da fayil na barta tana aiki na fita sallah, ina dawowa sai ga aikin nasa ya fito, amma fa ba shi kaɗai ba, ga hoton katin NIN na wata mata da ba mu sani ba, ga takardun asibiti, ga hotunan suna da na cikin ɗaki har da wanda ba ta sa ɗankwali ba. Mai laftof ɗin ta farko ce, kuma na tabbata ta yi fomat kafin ta sayar hankalinta kwance. Tun ranar nake tara tambayoyin da kwastomomi ke min a kan wannan batu, ga su nan yadda suke zuwa.

Oga ai na goge, har Recycle Bin ɗin na share, me kuma ya rage?

Kusan komai ya rage. Mutane suna ɗauka dilit kamar wanke allo ne, ka zuba ruwa tawada ta tafi. Ba haka bane. Ya fi kama da mai gidan haya da ya cire sunanka daga littafinsa ya rubuta a ƙofa cewa ɗaki babu kowa, amma katifarka da akwatinka suna ciki, sai ranar da sabon ɗan haya ya zo da nasa kayan sannan za a fitar da naka. Kwamfuta tana goge sunan fayil ne daga jerin da take dubawa, ta ce wurin nan ya zama fili, shi kuma ainihin fayil ɗin yana kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Wannan na iya ɗaukar kwana ɗaya, yana iya ɗaukar shekara biyu in dis ɗin babba ne kuma ba a cika shi. Manhajoji irin su Recuva da PhotoRec kyauta suke a intanet, yaron shagona da bai fi wata shida da fara koyo ba ya iya amfani da su.

To fomat fa? Ni mai gyara ya ce min ya yi mata fomat.

Wane irin fomat? Shi ne tambayar. Wanda yawancin mu muke yi in za mu ɗora sabon windo shi ne na sauri, wanda yake gamawa kafin ka ajiye kofin shayi, kuma shi littafin mai gidan hayan kawai yake yagawa ya kawo sabo. In ka cire alamar Quick Format ka bar shi ya yi cikakke, tun daga Windows Vista zuwa yau yana bin dis ɗin yana rubuta sifili a ko'ina, wannan kam gogewa ce ta gaske a kan had dis, shi yasa yake cin awanni. In mai gyara ya ce maka ya yi fomat cikin minti biyu, to na saurin ya yi.

Wannan ba sabuwar matsala bace kuma ba a Najeriya kawai ba. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun fitar da binciken da suka yi bayan sun sayi tsofaffin had dis guda 158 a kasuwar kayan hannu, 12 kacal suka samu an goge yadda ya kamata, a sauran sun tsinci lambobin katin banki sama da 5,000 da bayanan asibiti da wasiƙun mutane.

Yanzu ya zan yi in ina so in sayar da laftof ɗina ko in ba ƙanina?

Fara sanin wane irin ma'aji ne a cikinta, don nan ne mutane ke ruɗewa. Akwai had dis na da, mai faifai a ciki yana juyawa, in ka kara kunne zaka ji ɗan ƙararsa. Akwai kuma SSD, shi babu abin da ke motsi a cikinsa, ƙwayoyin cif ne kamar na waya. Buɗe Task Manager ka shiga Performance, a jikin dis ɗin zai rubuta maka HDD ko SSD.

In had dis ne abin da sauƙi. Kwashe abin da kake so zuwa wani wuri tukuna, ka buɗe su a can ka tabbatar sun kwafu, don bayan wannan ko ni bazan iya dawo maka da komai ba. Sai ka shiga Settings ka nemi Reset this PC, ka zaɓi Remove everything, sannan ka shiga Change settings ka kunna Clean data. Wannan maɓalli na ƙarshe shi ne maganar, kuma a kashe yake zuwa, yawanci mutane tsallake shi suke yi saboda ya ce zai ɗauki lokaci. Bar shi ya ɗauka. Ka jona caja, in unguwarku ana yawan ɗauke wuta ka kawo inda akwai sola ko janareta. Masu son tsohuwar hanya akwai DBAN, ana ɗora shi a filash a tayar da kwamfutar da shi ya bi dis ɗin kaf, shekara da shekaru muna amfani da shi.

SSD kuma halinsa daban. Shi yana yawo da bayanai tsakanin ƙwayoyinsa don kada wani ɓangare ya riga wani gajiya, kuma yana da wani ɗan wuri na ajiya da windo ba ta ganinsa, saboda haka in ka ce a rubuta sifili a kan fayil kaza, zai iya rubutawa a wani wuri daban ya bar tsohon. DBAN ba aikinsa bane nan, wahalar da SSD ɗin kawai zaka yi. Abin da ke aiki shi ne umarnin Secure Erase da ke cikin SSD ɗin kansa, da yawa daga laftof ɗin ofis na HP da Dell da Lenovo suna da shi a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin windo ta tashi, Samsung kuma suna da manhajarsu Magician. In babu, kunna BitLocker ko Device encryption ya kulle dis ɗin gaba ɗaya tukuna, sannan ka yi riset ɗin, ko wani abu ya maƙale zai zama tarkacen da babu makullinsa. Masu Mac sabbi-sabbi ku kuna da Erase All Content and Settings, shi ke nan.

Malam an ce min sai an bi kan dis sau 35 ana rubutu kafin ya gogu, gaskiya ne?

Maganar tana da asali. Wani masani ɗan ƙasar Niyu Zilan, Peter Gutmann, shi ya fito da hanyar sau 35 a 1996, amma don irin dis ɗin wancan zamanin ya tsara ta, shi da kansa daga baya ya ce mutane sun mai da ita kamar tsafi. Hukumar NIST mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka a jagorarta mai lamba 800-88 ta nuna bi ɗaya ya isa a had dis na zamani. Sau 35 a dis mai tera ɗaya sai ka kwana nawa kana ƙona fetur a banza.

Wayata fa? Zan yi musanye ne in ciko kuɗi.

Waya ta fi sauƙi in ba tsohuwa can bace. iPhone da wayoyin Android na 'yan shekarun nan, musamman wanda suka fito da Android 10 zuwa sama, bayanansu a kulle suke tun daga kamfani, in ka yi factory reset makullin ake jefarwa. Amma kafin nan cire akawun ɗinka na Google ko iCloud, in ba haka ba wanda ya saya zai dawo yana nemanka ka sa masa fasawod. Cire layi. Cire mamori, wallahi ba adadi na ga an miƙa waya an manta da mamori a ciki, kuma shi riset ba ruwansa da shi sai in ka zaɓa. Tsofaffin Android irin na 2014, 2015 su ne abin tsoro, a kan su ka shiga Security ka kunna encrypt, wato kulle bayanai, da hannunka kafin riset.

Kuma Hajiya, in za a kai waya gyaran sikirin ba dole bane a ba mai gyara fasawod. In ya ce sai ya gwada, ki tsaya a gwada a gabanki.

Mamori da filash?

Cikakken fomat a kwamfuta, sannan ka cika shi dam da bidiyon da ba ruwanka da shi, ka sake fomat. In abin da ya taɓa zama a ciki mai nauyi ne sosai, kuɗin mamori nawa ne, karya shi da filaya kawai.

Kwamfutar ta mutu ko kunnuwa ba ta yi, 'yan gwangwan zan ba, ai babu matsala ko?

Akwai babba ma. Allon ne ya mutu ko bod, wato babban falle na ciki da sassan ke haɗe a kansa, dis ɗin lafiyarsa lau, cire shi ake a sa a wata 'yar kes mai USB a karanta kamar filash, kuma da yawa daga had dis ɗin hannu da kuke gani ana sayarwa daga irin waɗannan gawarwakin aka ciro su. Kwance sukurori kaɗan ne, cire dis ɗin ka ba su sauran. In kana so ka riƙe shi ka riƙe, in kuma hallaka shi zaka yi, kai shi wajen mai walda ko kafinta ya huda shi da diril wuri uku ko huɗu ta kan faifan, ko ka buɗe ka fito da faifan ka lanƙwasa shi da guduma. Ka kula da idonka, faifan ƙaramin dis na laftof sau da yawa gilashi ne duk da yana ƙyalli kamar ƙarfe, farkon da na buga ɗaya ban sani ba sai da na kwana biyu ina tsintar ɓaraguzai a shago, yanzu a cikin tsohon buhu nake nannaɗe shi kafin in buga. SSD kuma huda tsakiya ba ta wadatar, sai ka bi baƙaƙen cif ɗin ɗaya bayan ɗaya ka farfasa.

In na jefa shi a rijiya, ko na goga masa maganaɗisu, ko na ƙona?

Ruwa yana kashe bod ne, faifan yana nan. Maganaɗisun sifika ko na jikin firij wasa ne, injin maganaɗisun da kamfanoni ke goge dis da shi ƙarfinsa daban, kuma ko shi ba ya taɓa SSD. Wuta kuma hayaƙin guba zaka shaƙa kai da maƙwabta, in waya ce batirin ma fashewa zai yi. Guduma ta fi.

Ni biznes santa nake da ita ta wajen jami'a, wannan ya shafe ni?

Kai ya fi shafa. Duba Desktop da Downloads na kwamfutocin shagonka yanzu ka ga sikan nawa na NIN da sakamakon WAEC da fasfo ɗin mutane suka taru a wurin, wasu manyan injinan fotokwafi ma suna da had dis a ciki da ke riƙe abin da aka sikana. Dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan jama'a nauyin kare su, kuma akwai hukumar NDPC a Abuja da ke bibiya. A waje abin ba wasa bane, a 2022 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci bankin Morgan Stanley tarar dala miliyan 35 saboda sun ba kamfanin kwasar kaya tsofaffin na'urorinsu aka je aka yi gwanjonsu da bayanan kwastomomi a ciki.

Na yi duk wannan, shikenan hoton ya bar duniya?

Wanda ke cikin na'urar ya tafi. Saura na Google Photos, da bakof ɗin WhatsApp da ke zaune a Google Drive, da imel ɗin da ka tura wa kanka don ka je ka buga a kafe, da kwandon shara na kowannensu, Drive yana riƙe abin da ka goge kwana 30, iPhone ma Recently Deleted kwana 30 ne. Waɗannan duk zaka iya bi ka share da hannunka. Wanda ka tura wa wani kuwa yana wayarsa, babu manhajar da zan sayar maka ta shiga can.

Matar nan mai laftof ban san ko wacece ba, a gaban ɗalibin na kwashe masa furojet ɗinsa a filash, na tayar da DBAN na ce ya dawo bayan la'asar.