Sakamakon Zaɓen Asambuli: Tambayoyin da Ake Yi a Zangunan Kumasi

Duk lokacin da aka gama zaɓen majalisun gundumomi, wanda a nan muke ce wa zaɓen asambuli, akwai tambayoyin da nake ta ji a ƙofar masallaci da wajen mai koko, daga Aboabo har Sawaba. Na tattaro waɗanda suka fi yawo a bakin mutane, zan amsa su gwargwadon abin da doka ta ce da abin da muke gani a unguwa.

Malam, wai su wa muka zaɓa ranar, da har aka ba mu takarda biyu?

Zaɓen baya an yi shi ranar Talata, 19 ga Disamba 2023. Takarda ta farko ta asambiliman ce, wato mutum ɗaya da zai wakilci mazaɓarku a majalisar gunduma. Ta biyu ta 'yan yunit kwamiti ce, mutum biyar da za su taya shi aiki a cikin unguwa. Ghana tana da majalisun gundumomi 261, kuma bayan kowace shekara huɗu ake sabunta su. Tsarin ya faro ne a 1988 zamanin Rawlings, daga baya kundin tsarin mulki na 1992 ya tabbatar da shi.

Akwai abin da yake rikita dattawa. Da can Kumasi duka a ƙarƙashin majalisar birnin Kumasi, wato KMA, take. A 2012 aka yanke Asokore Mampong ta zama majalisa mai zaman kanta, ta tafi da Aboabo, Asawase, Sawaba da Adukrom. A 2018 kuma Tafo, Suame, Oforikrom, Asokwa da Kwadaso suka samu nasu. Saboda haka mutumin Aboabo da ya ɗauki ƙorafin gwata ya nufi ofishin KMA a Adum, ya yi asarar kuɗin mota.

Me ya sa ba ma jin sakamakon a talabijin kamar na shugaban ƙasa?

Domin sakamakon ba ɗaya ba ne. Mazaɓu sun haura 6,000, kowace da nata. Ana ƙirga ƙuri'u a rumfar zaɓe a gaban wakilan 'yan takara, a rubuta a takarda, su sa hannu, sannan a haɗa na rumfunan mazaɓar, jami'in hukumar zaɓe ya faɗi wanda ya ci. Wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ne da nasara, ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce. In an yi kunnen doki, a sake zaɓe. Mai son ganin alƙaluman mazaɓarsa ya je ofishin hukumar zaɓe na gundumarsa, wanda kuma yake ganin an cuce shi, kotu ce hanyarsa.

A 2023 ma ba rana ɗaya aka gama ba. Takardun ƙuri'a ba su iso wasu wurare a yankin Ashanti da yankin Gabas ba, aka ɗage nasu zuwa Alhamis, 21 ga wata. Mai sana'ar da ya rufe shago ranar Talata ya tarar babu takarda, da wuya ya sake rufewa ranar Alhamis.

To NDC ce ta ci ko NPP?

A takarda, babu ko ɗaya. Sashe na 248 na tsarin mulki ya ce ɗan takara zai tsaya ne da sunan kansa, ba zai ɗauki alamar jam'iyya ba, jam'iyya kuma ba za ta tsayar da shi ko ta yi masa kamfen ba. Shi ya sa hotonsa kawai kake gani, babu lemar jam'iyyar NDC babu giwar jam'iyyar NPP. Amma kowa a unguwa ya san wanda yake tare da wa. An so a kawo ƙarshen wannan ɓoye-ɓoye da ƙuri'ar raba gardama da aka sa ranar 17 ga Disamba 2019, don a bar jam'iyyu su shiga a fili, sai Shugaba Akufo-Addo ya janye ta a farkon watan saboda ba a samu haɗin baki ba. Ni dai na gwammace a bar shi yadda yake. A zango, wannan ne zaɓe ɗaya tilo da mutum zai iya duba ɗan maƙwabcinsa ya auna halinsa, ba tare da an ce ya ci amanar jam'iyya ba.

Mutum nawa ne suka fito?

Nan ne ciwon yake. Shekaru da dama ke nan, kusan mutum ɗaya cikin uku na masu rajista ne ke fita wannan zaɓe, alhali a zaɓen shugaban ƙasa na 2020 an kusa kashi 80 cikin ɗari. Mu ɗauki misali kawai: mazaɓa mai mutum 3,000, dubu ɗaya suka fito, 'yan takara biyar suka raba ƙuri'un. Mutum zai iya cin kujera da ƙuri'a 300. Gidajen haya goma sha biyar na Aboabo, da matasan fada biyu, sun isa su naɗa wa dubban mutane wakili na shekara huɗu.

In ka tambayi waɗanda suka zauna a gida, amsarsu ɗaya ce: "Me asambiliman zai yi mini?" Sai damina ta zo, kogin Aboabo ya cika da bola ya shigo ɗaki, a fara neman lambar Onarabul, wato asambiliman, da tsakar dare. Kuma mu ne muka fi kowa buƙatar wannan majalisa. Ban-ɗakin jama'a, kwandon bola, fitilar titi, rumfar kasuwa, ajin makarantar da rufinsa ke yoyo, duk a teburinta ake yanke su. Mai gida a unguwar masu hali zai iya haƙa rijiyar burtsatse ya biya motar kwasar shara da kuɗinsa. Gidan da mutum arba'in ke kwana ba shi da wannan zaɓin.

Shi wanda ya ci, wane ƙarfi ke hannunsa? Zai iya yi mana kwalta?

Da kuɗin aljihunsa ba zai iya ba, kuma babu asusun ayyuka da aka damƙa masa shi kaɗai. Ƙarfinsa murya ce da ƙuri'a a zauren majalisa. Amma kada a raina wannan ƙuri'a. Shugaban gunduma, wanda muke kira MCE ko DCE, shugaban ƙasa ne ke kawo sunansa, sai dai ba zai hau kujera ba sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar da suka halarta suka yi ƙuri'a sun amince. Su ne kuma ke amincewa da kasafin kuɗin gunduma, su ne ke tsayar da kuɗin tikitin kasuwa, lasisin shago da harajin gida. Hajiya mai waake da ke kukan an ƙara mata kuɗin tikiti, wakilinta yana zaune aka ƙara.

Akwai kuma asusun da tsarin mulki ya tanada, wanda ya ce a ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa a raba wa gundumomi. Yadda za a kasa rabon gunduma tsakanin unguwanni, a nan ake gane wakili mai bin takarda daga ofis zuwa ofis da wanda sai ranar karɓar alawus ake ganinsa.

Sakamakon ranar zaɓe ma bai cika zauren ba. Shugaban ƙasa yana naɗa wasu da ba za su wuce kashi 30 cikin ɗari na majalisar ba, bayan shawara da sarakuna da ƙungiyoyi. Ɗan majalisar dokoki na yankin shi ma memba ne, amma ba ya ƙuri'a. Ya kamata sarakunan zango da limamai su riƙa sa ido a kan waɗannan kujerun naɗi tun kafin a rantsar da majalisa, domin bayan an rantsar magana ta ƙare.

Albashi ake ba shi?

Shekara da shekaru babu albashi, sai alawus na zama da babur, da ɗan abin sallama a ƙarshen wa'adi. A 2025 ne gwamnati ta fara ba su alawus na wata-wata. Mu kuma mun mai da shi mai biyan kuɗin suna, da sadakar bakwai, da belin yaro a wajen 'yan sanda. Wanda muka tatse haka, ranar da za a tabbatar da MCE aka miƙo masa ambulan, da wane ƙarfin zuciya zai mayar?

Yaya, ina matanmu a cikin sakamakon?

Kaɗan ne ƙwarai. A faɗin ƙasa, matan da suka ci ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Hukumar zaɓe ba ta karɓar kuɗin fom, sharuɗɗan kuma ba su da tsauri: ɗan ƙasa mai shekara 18, mai rajista, mazaunin gundumar, wanda ya biya harajinsa. Abin da ke tsayar da su bakin mutane ne, da kuɗin fosta. Alhali su ne ke layin famfo da asuba, su ne ke riƙe da adashi da ƙungiyoyin biki, sun fi mu sanin gidan da ruwa ke shiga. Majalisar dokoki ta zartar da dokar daidaita damar mata da maza a 2024, za mu ga abin da za ta canza a zaɓe mai zuwa.

In ya ci ya ɓace, sai mu jira shekara huɗu?

Doka ba ta ce ku jira ba. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta wajabta masa ya sadu da mutanen mazaɓarsa kafin zaman majalisa ya ji ra'ayinsu, bayan zama kuma ya dawo ya ba da rahoto. Ku fara da neman wannan taron, a harabar makaranta ko ƙofar gidan sarki. In abin ya ƙi, akwai kiranye. Kashi 25 cikin ɗari na masu rajista a mazaɓar za su sa hannu a takardar koke zuwa hukumar zaɓe, ita kuma ta shirya ƙuri'a. Kafin kujerar ta faɗi, sai aƙalla kashi 40 na masu rajista sun fito, kashi 60 na ƙuri'un kuma sun ce ya sauka. Ke nan sauke shi yana buƙatar mutanen da suka fi waɗanda suka saba fitowa ranar zaɓen yawa. In an bi lissafin shekara huɗu, zaɓe na gaba zai faɗo a 2027.