Tsarin CLTS na kawar da bahaya a fili

CLTS wani tsari ne na tsaftar muhalli a karkara wanda ke ɗora wa mutanen gari nauyin daina bahaya a fili da haƙa masai da kansu, ba tare da an raba musu kuɗi ko siminti ba. Sunan taƙaitawa ce daga Turanci, ma'anarsa cikakkiyar tsafta bisa jagorancin al'umma. A Bangladesh aka fara shi, daga can ya bazu zuwa ƙasashe fiye da 50, galibinsu a Asiya da Afirka.

Tarihi

Kafin ɓullowar tsarin, tallafi ne ginshiƙin aikin tsafta a ƙasashe masu tasowa. Tun a shekarun 1981 zuwa 1990, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa ruwan sha da tsafta, gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji sun yi ta gina wa gidaje banɗaki kyauta ko a farashi mai rahusa, ana auna nasara da yawan abin da aka gina. Da dama daga cikin banɗakunan ba a taɓa tsugunawa a cikinsu ba. Wasu sun koma ma'ajiyar itace da hatsi, wasu akurkin kaji, masu su kuwa suka ci gaba da zuwa bayan gari.

A ƙarshen 1999 ko farkon 2000, ƙungiyar WaterAid ta gayyaci Kamal Kar, wani masanin raya karkara ɗan ƙasar Indiya, ya duba aikin da take yi tare da ƙungiyar VERC ta Bangladesh. A ƙauyen Mosmoil da ke yankin Rajshahi, shi da ma'aikatan VERC suka jingine maganar tallafi, suka sa mutanen ƙauyen su bincika inda kashinsu yake ƙarewa. Sakamakon ya sa Kar ya ba da shawarar a daina raba kayan gini ɗungurungum. Shirin ruwa da tsafta na Bankin Duniya ya taimaka wajen kai tsarin Indiya da Indonesiya, gwamnatin Indonesiya kuma ta sa shi cikin manufarta ta ƙasa a 2008. Wajajen 2006 zuwa 2007 ne Plan International da WaterAid da UNICEF suka fara yaɗa shi sosai a Afirka.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun nuna masu bahaya a fili a Bangladesh sun ragu daga kusan kashi 34 cikin ɗari a 1990 zuwa kashi 1 a 2015. Ba CLTS kaɗai ya kawo haka ba, domin gwamnatin ƙasar ma ta ƙaddamar da nata gangamin a 2003.

Yadda ake gudanar da shi

Mai jagorantar taro ba ya wa'azi, ba ya kuma cewa a gina komai. Tambaya ce aikinsa. Yakan nemi mutanen gari su zagaya da shi wuraren da ake bahaya, ya tsaya inda wari ya fi tsanani yana tambayar ko na wace unguwa ne. Da gangan yake kiran abin da sunansa na gatsal, kashi, ba ya sakayawa. Daga nan a zana taswirar gari a ƙasa, kowa ya nuna gidansa da inda iyalinsa ke zagayawa, a lissafa yawan abin da ke taruwa a shekara.

Sai a ajiye abinci kusa da kashin da aka ɗebo, jama'a na kallon ƙuda na kai da komo. Ko kuma a tsoma silin gashi a kashin, a jefa cikin kofin ruwa, a miƙa wa mai so ya sha. Ruwan garau yake a ido, amma ba mai karɓa. A nan ne yawanci wani ke fitowa fili ya ce ashe kashin juna suke ci.

Idan gari ya amince, kowane gida ya haƙa rami da abin da ya sawwaƙa, ya yi masa murfi, ya tanadi ruwa da sabulu ko toka. Bayan jami'ai sun tabbatar, sai a ayyana garin a matsayin wanda ya rabu da bahaya a fili.

A Nijeriya

An fara gwada tsarin a tsakiyar shekarun 2000. Obanliku ta Jihar Kuros Riba ce ƙaramar hukuma ta farko da ta sami shaidar rabuwa da bahaya a fili, Jigawa kuma ta zama jiha ta farko a 2022. A 2019 gwamnatin tarayya ta sa 2025 a matsayin wa'adin kawar da ɗabi'ar, wa'adin da ba a cim ma ba.

Ɗorewa da suka

Babbar matsalar ita ce masan da talaka ya haƙa da hannunsa ba ya jure damina. A ƙasa mai yashi ko mai ruwa kusa, ramin kan rufta, ba kowa ne kuma ke sake haƙawa ba. Shi ya sa shirye-shirye da yawa yanzu ke haɗawa da horar da magina da sayar da murfin siminti ko na roba, wasu ma sun dawo da ɗan tallafi ga marasa ƙarfi.

Masana sun saɓa kan amfaninsa ga lafiya. Wani bincike da aka yi a yankin Kulikoro na Mali, aka wallafa a 2015, ya gano cewa masu masai sun kusa ninkawa, yara kuma sun fi girma da kyau, amma gudawa ba ta ragu ba. Masu suka na cewa kunyatarwa da tara kan faɗa kan waɗanda ba su da halin gini. Tsarin bai cika aiki a birane ba, inda 'yan haya suka yi yawa, fili ya yi kaɗan, kuma kwashe masai ne babban aiki.