Kalsiyum ba na ƙashi kaɗai ba ne

A nan Damagaram da an ce kalsiyum sai kowa ya ce ai abin ƙashi ne da haƙori, a ba yaro nono ya yi ƙwari shi ke nan. Eh, kusan kashi 99 cikin 100 na cikin ƙashi da haƙori, amma ɗan ragowar nan shi ke sa zuciyarka bugawa, tsoka ta motsa, jini ya daskare in ka ji ciwo.

Kowace ƙwayar halitta a jikinka tana da fata siririya, kuma kalsiyum da ke wajenta ya ninka na ciki kusan sau 10,000. To ya aka yi bai cika ta ba? Akwai wasu furotin a jikin fatar da kuma cikin ƙwayar masu aiki kamar famfon da ke tura ruwa sama cikin tanki, dare da rana suna kwashe shi. Ɗaya sunansa PMCA yana fitar da shi waje, ɗaya kuma SERCA yana zuba shi cikin ma'ajiya a cikin ƙwayar, shi SERCA kalsiyum guda 2 yake turawa da kowane ATP ɗaya, wato makamashin da jiki ke samu daga abinci.

In za ka ɗaga hannu sai ƙofofin ma'ajiyar nan su buɗe kalsiyum ya kwararo tsoka ta ɗaure, kuma ba za ta saki ba sai an kwashe shi. Wallahi abin na ba ni mamaki, ashe sakin tsoka ma sai da makamashi. Shi ya sa gawa ke sandarewa bayan ƴan awoyi, ATP ya ƙare famfo ya tsaya.