Ɗaga Ƙarfe don Gina Tsokar Jiki

Gina jiki horo ne da ake yi wa tsoka da ƙarfe mai nauyi domin ta yi kauri, siffarta ta fito fili. A gasarsa alƙalai ba sa auna nauyin da mutum ya ɗaga, girman tsoka da daidaituwarta suke dubawa. Wani Bajamushe mai gina jiki da ake kira Eugen Sandow ne ya shirya babbar gasa ta farko a Landan a 1901, sannan aka fara gasar Mr. Olympia a Amurka a 1965, wadda Samson Dauda, haifaffen Nijeriya mazaunin Birtaniya, ya lashe a 2024.

Ginshiƙin horon shi ne ƙara nauyi sannu a hankali, domin tsoka ba ta girma sai an ɗora mata abin da ya ɗan fi wanda ta saba da shi. Yawanci ana maimaita ɗagawa sau 6 zuwa 12, a huta minti ɗaya ko biyu, a sake, har zagaye uku ko huɗu. Girman tsokar kuwa yana zuwa ne lokacin hutu da barci, shi ya sa ake bai wa sashen da aka wahalar kimanin awa 48 kafin a koma masa.

Ana gina ƙirji da kwanciya rigingine a benci ana tura ƙarfe sama, kafaɗa da ɗaga shi bisa kai, damtse kuma da lanƙwasa hannu riƙe da nauyi. Baya yana ƙara faɗi ne idan mutum ya rataya a sandar ƙarfe yana jan jikinsa sama. Cinya da ɗuwawu, inda mafi girman tsokar ɗan Adam take, sai da tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, baya a miƙe, dunduniya a kafe a ƙasa.

A unguwannin Jos, inda wasu matasa kan zuba siminti a gwangwanaye biyu su soka bututun ƙarfe a tsakani, su yi atisaye da sanyin asuba, an fi ba ƙwanji da ƙirji ƙarfi saboda su ake gani a cikin riga. Wannan kuskure ne babba, domin mai faffaɗan ƙirji da siraran ƙafafu bai gina jiki ba, kuma barin tsokar baya ba horo yakan sa kafaɗu su ranƙwafo gaba har su riƙa ciwo.

Masana suna ba da shawarar cin furotin giram 1.6 zuwa 2.2 a kan kowane kilo na nauyin mutum a kullum, kuma ƙwai, wake, awara, kifi da nono suna wadatarwa. Allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka kuwa suna lalata hanta da zuciya, suna kuma rage ƙarfin haihuwa, shi ya sa hukumar WADA, mai yaƙi da amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni a duniya, ta haramta su ga 'yan wasa.